Faɗan Tsuntsayen Soyayya da Haɗa Su da Wasu Tsuntsaye: Tambayoyi da Amsoshi

Ga tambayoyin da masu kiwon tsuntsayen soyayya, waɗanda masu sayarwa ke kira lobad, suka fi maimaitawa a kan cizo, faɗa da zaman keji ɗaya. An sa wa kowace tambaya lamba don a riƙa komawa inda amsa ta haɗu da wata.

1. Wane tsuntsu ne lobad, kuma da gaske yana da faɗa?

Ƙaramin aku ne na dangin Agapornis. Nau'insa 9 ne, 8 a nahiyar Afirka, 1 a tsibirin Madagaska. Tsawonsa santimita 13 zuwa 17, nauyinsa giram 40 zuwa 60, wutsiyarsa gajeriya, bakinsa kuma ya fi ƙarfin girman jikinsa. Uku ne aka fi kiwo: mai fuskar ruwan hoda na Namibiya da Angola, nau'in Fisha mai jan baki da farin zobe a ido daga arewacin Tanzaniya, sai mai baƙin kai da rawayan wuya, shi ma daga Tanzaniya. Akwai mai jar fuska da ake samu a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya har da Najeriya, mai haƙa sheƙarsa cikin gidan gara, amma hayayyafarsa a keji tana da wuya ƙwarai. A wasu kasuwanni ana sayar da baji, wani ƙaramin aku ɗan asalin Ostareliya, da sunan lobad. Duba wutsiya: in doguwa ce siririya, baji ne.

Faɗa kam akwai shi. Soyayyar da ya yi suna da ita ga abokin zama ɗaya kawai take. A daji cikin kogon bishiya ko tsagin dutse yake sheƙa, irin wannan wuri kuwa ba ya wadata, don haka wanda ya samu sai ya tsare shi da baki. Amma a can wanda aka fi ƙarfi tashi yake yi ya bar wurin, rigima ta mutu. A keji babu wurin gudu. Yawancin raunuka da mace-macen da ake gani daga nan suke, shi ya sa maganin ya fi karkata ga gyaran keji da zaɓen wanda za a zuba ciki, ba horar da tsuntsu ba.

2. Tsakanin mace da namiji, wa ya fi cizo?

Mace. Ita ce mai sheƙa, sau da yawa ta ɗan fi namiji nauyi, kuma da ta kai wata 10 zuwa shekara ɗaya halinta kan sauya. Tsuntsuwar da ake tallabewa a tafin hannu tana ƙarama sai ta koma kai sara ga duk hannun da ya shiga keji. Maza biyu kan zauna lafiya, har su riƙa ciyar da juna. Mata biyu kuwa sai an sa ido sosai (duba ta 4). Mai fuskar ruwan hoda shi ya fi suna wajen zafin rai, masu zoben ido, wato Fisha da mai baƙin kai, sun ɗan fi haƙuri da garke, amma ba a dogara da wannan a sake jiki.

3. Yaya zan gane wasa ne ko faɗan gaske?

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ma'aurata masu jituwa ma suna haɗa baki da baki kamar takobi, su yi ƙara, ɗaya ya ture ɗaya daga kwanon abinci, bayan minti biyu ka gan su manne suna sosa wa juna kai. Wannan ba komai ba ne, muddin duk biyun suna ci, suna sha, suna kwana gefen juna.

Faɗan gaske yana da alamominsa. Wanda ke shirin kai hari yakan sunkuyar da kai, ya bubbuɗa gashin wuya da na baya, ya buɗe baki, ya tako a kan sanda kai tsaye. Sai ka ga ana neman ƙafa: cizon yatsu shi ne salon lobad. Sai kora daga wannan kusurwa zuwa waccan ba hutawa, sai ɗaya ya maƙale a jikin raga ko ya koma zama a ƙasan keji yana haki. In sun ruƙunƙume sun faɗo ƙasa tare, ko ka ga gashin ƙeya ya tsige da ɗigon jini a sanda, raba su nan take. Kada ka ce bari su sasanta da kansu, domin abin da ke biyo baya shi ne sara a kai da ƙeya, kuma da shi ake kisa.

Akwai kuma zaluncin da ba ya ƙara. Mai ƙarfi ya tsare kwano, ɗayan ya yi ta ramewa gashi ya rufe. Riƙa shi ka shafa ƙirjinsa: in ƙashin tsakiya ya fito da kaifi babu tsoka gefe da gefe, yunwa ce ke cinsa.

4. An sayar mini da su a matsayin mata da miji, amma kullum faɗa suke. Me ya sa?

Mai yiwuwa duk mata ne. A nau'o'i ukun da aka fi kiwo, mace da namiji kamanninsu ɗaya. Taɓa ƙashin ƙugu da ake yi don jin faɗinsa canki ne, musamman a tsuntsun da bai balaga ba. Hanyar da ta tabbata ita ce gwajin ƙwayar halitta daga gashi ko ɗigon jini, ko kuma ganin ƙwai. Mace ɗaya takan yi ƙwai 4 zuwa 6, tana tsallake kwana ɗaya tsakani. In ka tarar da 8 zuwa 12 a sheƙa, ko biyu a rana ɗaya, kuma babu wanda ya ƙyanƙyashe, mata biyu gare ka.

Ko da mace da namiji ne, ba dole jininsu ya haɗu ba. Babbar matsala ita ce bambancin shekaru: mace balagagga mai neman sheƙa, a kawo mata ɗan wata biyar da bai san ciyar da ita ba. Takan yi ta korarsa, wani lokaci har ta halaka shi. A jira namiji ya kai shekara kafin a haɗa shi da babbar mace.

5. Ina da ɗaya, ina so in ƙaro wani. Yaya ake haɗa su?

Farko killacewa: kwana 30 aƙalla, 45 ya fi, a wani ɗaki daban, da kwanukansa daban, a wanke hannu tsakani. Dalili shi ne lobad na iya ɗauke da cutar baki da gashi ta aku ba tare da ya nuna alama ba, haka ma cutar sitakosis wadda ke kama har mutum. A wannan lokacin ne kuma za ka ga yadda yake ci da yadda kashinsa yake.

Bayan nan a kawo kejin sabon kusa da na tsohon, da tazarar kamar santimita 10 don baki kada ya kai ƙafa. A bar su haka mako ɗaya zuwa biyu. Alamar alheri ita ce su riƙa matsowa gefen da ke kallon juna, su kwana a nan, suna amsa wa juna kira. Daga nan a haɗa su a wurin da ba na kowa ba: ko ɗaki rufaffe da kana zaune, ko keji na uku da babu wanda ya taɓa zama ciki. In babu keji na uku, a wanke na namijin tas, a sauya wurin sanduna da kwanuka, sannan a kawo macen. Kada a taɓa jefa sabo cikin kejin da mace ta daɗe tana mulki.

A yi haɗin da safe, ranar da kake gida, a sa kwanon abinci biyu da na ruwa biyu nesa da juna, kuma ba akwatin sheƙa. Daren farko da na biyu, in zuciyarka ba ta kwanta ba, kowa ya koma kejinsa. Kada ka sayar da keji na biyun. Za ka sake bukatarsa.

6. Ance in ɗaya ne tilo zai mutu da kewa. Dole sai biyu?

Ba dole ba ne. Lobad ɗaya kan rayu shekara 10 zuwa 15 in yana samun sa'o'i na hulɗa da mai shi kullum, da abin taunawa, da fita shawagi. In kuwa gidan babu kowa tun safe har dare, abokin zama ya fi masa. Abin da ba a yi shi ne uku a keji ɗaya. Biyu za su haɗa kai, na ukun ya zama kamar kishiyar da ba a so, kuma shi ne za a tarar a ƙasa.

7. Zan iya haɗa lobad da baji a keji ɗaya? Ai girmansu kusan ɗaya ne.

A'a. Tsawo ne kusan ɗaya saboda wutsiyar baji, amma baji giram 30 zuwa 40 ne, bakinsa ƙarami, ƙafafunsa sirara. Ga shi da rawar kai: yana son matsowa kusa da kowa, ya leƙa kwano, ya ja wutsiya. Lobad ba ya ɗaukar wannan. Sara ɗaya kan cire yatsa ko ta karya ƙafa, sara a gindin baki kuma kan bar baji ba ya iya ɓare gero har abada.

Za ka ji wani ya ce nasa sun shekara tare ba abin da ya faru. Yana iya zama gaskiya, musamman in tun suna ƙanana aka haɗa su. Sai dai harin kan zo ne ranar da lobad ya balaga ko sha'awar sheƙa ta taso masa, kuma cikin daƙiƙu ake gamawa, galibi da asuba ko lokacin da ba kowa. Zaman lafiyar jiya ba ta ba da tabbacin ta gobe a wannan haɗin.

8. To kokatil fa, ko kanari, kurciya, tantabara da aku?

Kokatil, wani ƙaramin aku mai tukku, ya ninka lobad nauyi amma sanyin hali gare shi, ba ya ramawa, sai dai ya yi ta gudu. Shi ake cizo, ba shi ke cizo ba. Kanari da sauran ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba ba su da makamin kāre kai ko kaɗan, ƙafarsu kamar tsinke take, kuma ko ba a taɓa su ba fargaba kan hana kanari kuka. Kurciya da tantabara bakinsu ba na yaƙi ba ne, lobad kan tsige musu gashin kai ya fasa ƙwai, ban da cututtukan da tantabara ke iya kawowa. Salwa da ake sa wa a ƙasan babban keji don tsince abin da ya zube ita ma ba ta tsira, daga sama ake dirar mata.

Da babban aku kuwa lissafin ya juya. Lobad bai san shi ƙarami ba ne. Zai tashi ya sauka a kan kejin aku mai nauyin giram 400 ya nemi faɗa, aku kuma da kamu ɗaya zai gama da shi. Ko a sakin shawagi kada su haɗu.

9. In kowa da kejinsa, za su iya zama ɗaki ɗaya?

Za su iya, kuma sukan ji daɗin jin muryar juna. Sharaɗi uku ne. Kejuna kada su manne, a bar tazarar da baki ba zai kai ba. In babban keji ne aka raba da raga, a yi ragar ninki biyu da tazarar santimita 3 zuwa 5 tsakani, ko a sa katako ko gilashin roba. Na biyu, a riƙa sakinsu bi da bi, ba tare ba. Na uku shi aka fi mantawa: lokacin da aka saki wani tsuntsu, saman kejin lobad zai je ya sauka, yatsunsa su leƙo ta raga, a kama su daga ciki. Haka ma in lobad ne a waje ya sauka a kejin wani. Kafin ka buɗe ƙofa, shimfiɗa tawul ko kwali mai kauri a saman kowane kejin da ke rufe.

A duba maƙullin ƙofa kuma. Lobad kan koyi ɗaga ƙofar da ake turawa sama, har da ƙananan ƙofofin kwano. A sa musu maɗauri.

10. Wane girman keji ne ke rage faɗa, kuma za a iya kiwon su garke?

Ga aure ɗaya, mafi ƙanƙanta shi ne tsawon santimita 80, faɗi 50, tsayi 50. Tsawo ya fi tsayi amfani tunda a kwance suke tashi. Tazarar waya kada ta wuce santimita 1.2. A sa sanduna na icen gaske masu kauri daban-daban, biyu daga ciki a sama a tsayi ɗaya, don wurin kwana mafi tsayi shi ake faɗa a kai. A riƙa ba su ɗanyen reshe, ganyen kaba ko zangarniyar gero su yi ta tauna. Bakin da ya samu aiki ya rage neman ƙafar wani.

Garke yana yiwuwa a babban keji na tsakar gida mai tsawon mita 2 zuwa 3, amma da ƙa'ida. Nau'i ɗaya kawai. Adadin maza da mata daidai, babu gwauro ko ɗaya. Ko aure ɗaya, ko uku zuwa sama, domin aure biyu kan zama gida biyu masu gaba, alhali in sun yi yawa faɗan kan rarrabu. A zuba su rana ɗaya. Akwatunan sheƙa su ninka yawan ma'aurata, iri ɗaya, a tsayi ɗaya, nesa da juna. Wuraren abinci da ruwa su fi ɗaya, musamman lokacin zafin bazara da kowa ke rububin wanka. In ɗaya ya mutu, a cire abokinsa har a samo masa wani a waje, bisa tsarin ta 5.

11. Mai fuskar ruwan hoda da nau'in Fisha za su zauna tare, tunda duk lobad ne?

Gara a'a. Mai fuskar ruwan hoda ya ɗan fi girma da ƙarfi, yakan danne masu zoben ido. In kuma suka yi aure, 'ya'yan ba sa haihuwa. Masanin tsuntsaye William Dilger na Jami'ar Cornell ya yi nazarin wannan haɗin a farkon shekarun 1960. Macen mai fuskar ruwan hoda tana yanko kayan sheƙa ta cusa cikin gashin bayanta ta tashi da su, ta Fisha kuma a baki take ɗauka. 'Ya'yan haɗin sai suka ruɗe tsakanin hanyoyin biyu, su yi ta ƙoƙarin cusawa kayan na zubewa, sai da suka daɗe kafin su koma ɗauka a baki.

Fisha da mai baƙin kai kuwa suna haihuwa in an haɗa, 'ya'yansu ma su haihu, wanda ke ɓata asalin nau'in duka biyun. Masu kiwo na ƙwarai ba sa yi.

12. Macena ta fara yayyanka takarda, tana shiga lungu, tana cizona. Me zan yi?

Sheƙa take so, ko da namiji ko babu. In ba hayayyafa kake nema ba, cire duk abin da ya yi kama da kogo: akwati, ƙwarya, bukkar yadi, har kwano mai zurfi. Cire madubi. Daina ba ta takarda, kuma ta ƙasan keji a sa raga a kanta. A ba ta duhu da shiru na sa'a 10 zuwa 12 kowane dare, don fitilar da ke kunne har tsakar dare tana tayar da sha'awar ƙwai. A rage tsaba mai maiƙo irin su sanfulawa da gyaɗa, a ƙara ganye kamar zogale da alayyahu da karas. Shafa kuwa a tsaya a kai da wuya. Shafa baya da ƙarƙashin fiffike a wurinta neman aure ne.

In ta riga ta yi ƙwai, kada ka riƙa kwashewa ɗaya bayan ɗaya, za ta yi ta maye gurbi har sinadarin kalsiyam ya ƙare a jikinta ƙwai ya maƙale. Bar mata su ta kwanta a kai kimanin mako uku har ta gaji da kanta, sannan ka kwashe ka sauya tsarin kejin. A sa mata dakakken ɓawon ƙwai da aka tafasa. In ka gan ta a ƙasa ta kumbura tana nishi, wutsiya na sama da ƙasa, likitan dabbobi za a kai ta a ranar.

Game da hannunka: kada ka buge ta, kada ka yi ihu, kada ka fesa mata ruwa. Yi amfani da sanda ta hau ta fito, ka yi hulɗa da ita nesa da keji, ka gyara kejin lokacin da ba ta ciki. Yawancin masu cizon nan a waje lafiya lau suke.

13. Iyaye suna tsige 'ya'yansu, har sun ciji wanda ya fito daga sheƙa. Mene ne dalili?

Kwanci kan ɗauki kusan kwana 23, 'ya'ya su fito daga akwati suna da mako 6, su iya ci da kansu sosai bayan kamar mako biyu. A daidai nan ne uwa ke son sabon ƙwai, sai ta ga 'ya'yan sun tare mata ɗaki. Da ka ga ɗa yana ɓare tsaba da kansa, mai da shi kejin matasa. In an fara cizonsa kafin ya iya, cire uwar ka bar uban ya ƙarasa ciyarwa, ko ka sa ɗan a ƙaramin keji manne da nasu yadda uban zai ba shi ta raga.

Tsigar gashi a cikin akwati kuma, in gashi ne kawai ba rauni, zai sake tsirowa. Ƙara wa uwa ɗanyen kayan sheƙa, ko rataya akwati na biyu. In akwai jini a baya ko fiffike, a raba. Bayan haihuwa biyu a jere a cire akwati su huta. A garke (ta 10) ɗan da ya fito ya faɗa akwatin wasu yana cikin haɗari mafi girma, shi ya sa hayayyafa aure ɗaya a keji ɗaya ta fi tsaro.

14. An ciji yatsa jini na zuba. Me zan yi kafin in ga likita?

Jinin tsuntsu kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ne. Lobad mai giram 50 duk jininsa bai wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, asarar ɗigo goma ma ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Don haka tsayar da jini shi ne farko. Naɗe shi da ƙaramin tawul, kansa tsakanin yatsunka biyu, ba tare da matse ƙirji ba, domin da motsin ƙirji yake numfashi. Danna wurin da auduga ko tsumma mai tsabta minti biyu zuwa biyar ba ɗagawa. In farce ne ko ƙarshen yatsa, dangwala garin masara ko fulawa ka sake dannawa.

Da ya tsaya, goge gefen da ruwan gishiri mai ɗumi kaɗan. Kada a shafa man shafawa, kananzir, toka ko baƙin mai, kuma kada a ba shi maganin ciwon mutane. A sa shi keji shi kaɗai a wuri mai ɗumi da shiru, a sauko da sanda da kwanuka ƙasa, a kāre shi daga iska in hunturu ne. Rauni a kai, ido ko baki, ƙafar da ke lilo, jinin da ya ƙi tsayawa bayan minti goma, ko yatsan da ya kumbura ya yi baƙi, duk na likita ne. Tsuntsun da ya rasa yatsa ɗaya yakan saba ya yi rayuwarsa, sai a sa masa sanda mai ɗan faɗi.

15. Bayan faɗa mai jini, za a iya sake haɗa su?

Ya danganta da abin da ya jawo. In akwatin sheƙa ne, ko ƙuncin keji, ko kwano ɗaya, a kawar da dalilin, a jira rauni ya warke gashi ya rufe, sannan a fara daga kejuna biyu gefe da gefe kamar yadda aka bayyana a ta 5. Kada a mayar da mai ɓawon ciwo a fili, ɗayan zai yi ta tsattsagarsa. A kuma duba lafiyar wanda aka cije, don lobad kan far wa abokin da rashin lafiya ta raunana, ta yiwu ciwon ya riga faɗan.

In sara ce a kai ko ƙeya, ko an sake haɗawa an sake zub da jini, wannan auren ya ƙare. Kowa ya zauna kejinsa kusa da juna da tazarar da aka faɗa a ta 9. Macen da ta taɓa kashe namiji kuwa, ba a sake ba ta wani sai babba wanda ya kai ta ƙarfi, a keji mai faɗi, ba akwati, kana tsaye a kansu. In ta sake nuna alamomin da ke ta 3, a bar ta ita kaɗai.